Sharhi: Na'urar hoton ciki da ceton waɗanda suka jikkata a yammacin Zamfara

A duk lokacin da 'yan bindiga suka kai hari wani ƙauye a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, alƙaluma iri biyu ake bayarwa: yawan waɗanda aka kashe da yawan waɗanda aka sace. Kashi na uku, wato waɗanda aka kwasa zuwa asibiti da munanan raunuka, ba kasafai ake sake jin ɗuriyarsu ba. Haka lamarin yake ga waɗanda hatsarin mota ke rutsawa da su a kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa zubar jini na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan mutane a sa'o'in farko, kuma a mafi yawan lokuta mutuwa ce da za a iya kauce mata. Matsalar ita ce wani jinin a cikin jiki yake zuba, inda ido ba ya gani.

A manyan asibitocin duniya, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi wajen gano wannan ɓoyayyiyar ɓarna ita ce amfani da na'urar hoton ciki, wadda jama'a suka fi sani da sikanin, domin auna yadda jini ke gudana a cikin ƙoda da saifa da hanta da kuma ƙwaƙwalwa. Tambayar ita ce ko wannan dabara za ta yi wa yanki irin yammacin Zamfara amfani, kuma da wane sharaɗi.

Jinin da ba a gani

Jikin baligi na ɗauke da jini kimanin lita 5. Idan ya fara zuba, jiki yakan ɗauki matakin kare kansa. Zuciya takan ƙara saurin bugawa, sannan ƙananan jijiyoyin jini da ke zuwa fata da hanji da saifa da ƙoda sukan tsuke, domin a tanada wa zuciya da ƙwaƙwalwa abin da ya rage.

Wannan dabara ta jiki tana ceton rai, amma kuma tana yaudarar mai duba majinyaci. Littattafan koyar da likitocin gaggawa sun nuna cewa mutum na iya asarar kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa, wato kimanin lita ɗaya da rabi, kafin na'urar awon hawan jini ta nuna cewa jinin ya yi ƙasa. Matasa masu ƙarfi a jika, irin manoma da 'yan sa-kai da 'yan acaɓa, su ne suka fi iya ɓoye wannan hali.

Saboda haka ana iya kawo mutum asibiti yana magana, yana amsa gaisuwa, awon jininsa daidai, alhali ƙodarsa ta riga ta fara ƙishin jini. Kafin alamun su fito fili, lokaci ya ƙure.

Ƙoda na da muhimmanci a wannan lissafi. Duk da ƙanƙantarsu, ƙodojin mutum biyu na karɓar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, kuma suna cikin gaɓoɓin da jiki ke fara rage wa rabo idan jini ya yi ƙaranci. Wanda ya tsallake ranar farko yana iya faɗawa cikin matsalar gazawar ƙoda bayan 'yan kwanaki, abin da kan kai ga buƙatar wankin ƙoda.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar hoton ciki tana aika wani sauti da kunnen ɗan Adam ba ya ji zuwa cikin jiki, sannan ta saurari amsa-kuwwarsa ta mayar da ita hoto, kamar yadda jemage ke gane hanyarsa cikin duhu. Wani likita a birnin Glasgow na Birtaniya, Ian Donald, shi ne ya yi fice wajen amfani da ita ga mata, inda ya wallafa sakamakon aikinsa a shekarar 1958. Har yanzu a Nijeriya galibin jama'a da awon ciki suka san ta.

Auna gudun jini kuwa ya samo asali ne daga wata ƙa'ida da masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a shekarar 1842. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ya san ta ko da bai san sunanta ba: muryar jiniya takan yi sama idan mota na tahowa, ta yi ƙasa da zarar ta wuce. Ƙwayoyin jini ma haka suke sauya sautin da na'urar ta aika musu, kuma daga wannan sauyi ake lissafa saurinsu. Wani masani ɗan Japan, Shigeo Satomura, shi ne ya fara gwada hakan a jikin mutum a shekarun 1950.

Daga baya wani likita Bafaranshe, Léandre Pourcelot, ya fito da ma'auni mai sauƙi. Ana auna saurin jini a lokacin da zuciya ta buga, a kuma auna shi a lokacin da ta saki. Sai a cire na biyu daga na farko, a raba abin da ya rage da na farkon. Idan alal misali saurin ya kai santimita 50 a daƙiƙa ɗaya yayin bugawa, ya sauka zuwa 20 yayin saki, ma'aunin zai zama 0.6, wanda shi ne ake sa ran gani a lafiyayyar ƙodar baligi. Idan kuwa ya sauka har zuwa 10, ma'aunin zai tashi zuwa 0.8, alamar cewa jijiyoyin sun tsuke. Likitoci kan fara nuna damuwa idan ya haura 0.7.

Alfanun wannan gwaji shi ne ba a huda jiki, babu tururi mai cutarwa irin na hoton ƙashi, kuma ana iya maimaita shi a bakin gado sau da yawa ba tare da an ɗaga majinyaci ba.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2011 mujallar Radiology ta wallafa wani bincike da likitoci a Italiya suka gudanar ƙarƙashin jagorancin Francesco Corradi. Sun auna gudun jini a ƙodar mutane 52 da suka samu munanan raunuka a sassa daban-daban na jiki, waɗanda kuma a lokacin da aka kawo su awon jininsu bai nuna wata matsala ba.

Binciken ya gano cewa waɗanda ma'aunin ƙodarsu ya haura 0.7 tun da farko, su ne suka fi shiga mawuyacin hali saboda zubar jini cikin sa'o'i 24 da suka biyo baya. Ma'ana, ƙoda ta riga na'urar awon hawan jini ba da labari.

Akwai kuma irin wannan awo da ake yi wa ƙwaƙwalwa ta gefen kai, inda ƙashi ba shi da kauri. Rune Aaslid ne ya ɓullo da shi a shekarar 1982, kuma yana taimakawa wajen gane ko kumburi ya fara danne hanyar jini a kan wanda ya bugu.

A shekarar 2020 kuma wasu likitoci a Kanada sun fito da tsarin duba babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya tare da jijiyoyin hanta da na ƙoda, domin gane ko ƙarin ruwan da aka yi wa majinyaci ya wuce kima. Wannan na da muhimmanci, domin ruwan da ya yi yawa yana cushe ƙoda kamar yadda ƙarancinsa ke busar da ita. Sai dai a kan waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya aka fara gwada tsarin.

Iyakar na'urar

Ƙwararru na gargaɗin cewa bai kamata a ɗauki wannan ma'auni tamkar yankan wuƙa ba. Tsufa da hawan jini da ciwon suga da tsohon ciwon ƙoda duk suna iya ɗaga shi, haka ma saurin bugun zuciya da kumburin ciki na iya sauya shi. Wani bincike da likitocin Faransa suka jagoranta a asibitoci da dama, wanda aka wallafa a shekarar 2018, ya nuna cewa ma'aunin shi kaɗai ba ya iya bambance wanda ƙodarsa za ta farfaɗo da wuri da wanda matsalarsa za ta dore.

Binciken Italiya ma a kan mutane ƙalilan aka yi shi. Don haka likitoci ke haɗa wannan awo da wasu alamu, kamar yawan fitsarin da majinyaci ke fitarwa a kowace sa'a, da sanyin hannu da ƙafa, da gwajin jini, suna kuma duba yadda ma'aunin ke sauyawa daga sa'a zuwa sa'a.

Bugu da ƙari, aikin na buƙatar gwanin hannu. Samun ƙaramar jijiya a cikin ƙodar mutumin da ke numfashi da ƙyar, ko wanda iska ta cika masa hanji, ba abu ne da ake koya a rana ɗaya ba.

Akwai dai wani mataki na ƙasa da wannan, wanda ya fi sauƙin koyo. Tun shekarun 1990 likitocin gaggawa ke amfani da gwajin da ake kira FAST a taƙaice, inda ake ɗora na'urar a wurare huɗu: gefen dama wajen hanta, gefen hagu wajen saifa, mara, da kuma ƙasan ƙirji wajen zuciya. Cikin mintuna kaɗan ana iya ganin ko jini ya taru a ciki. Daga baya an faɗaɗa shi ya haɗa da huhu. Wannan gwaji ba ya auna gudun jini, amma yana amsa tambayar da ta fi gaggawa, wato ko mutumin nan na buƙatar tiyata yanzu.

Tsakanin Gusau da Sakkwato

Talata Mafara da Bakura da Maradun maƙwabtan juna ne, kuma madatsar ruwa ta Bakolori da aikin noman rani da ke ƙarƙashinta sun haɗa su. Yankin ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun 'yan bindiga. A shekarar 2021 kaɗai, an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe da ke Talata Mafara a watan Fabrairu, an kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta inda aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, sannan a farkon Satumba aka sace ɗalibai 73 a makarantar Kaya da ke Maradun.

Asibitocin da ke waɗannan garuruwa su ne zangon farko ga wanda ya jikkata. Idan rauni ya fi ƙarfinsu, akan tura shi Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa.

Talata Mafara na kusan tsakiyar hanya ne tsakanin biranen biyu, da tazarar kimanin kilomita 100 ta kowane ɓangare. Kafin nan kuma akwai tafiyar da aka yi daga ƙauye, sau da yawa a kan babur, kuma idan harin na dare ne akan jira wayewar gari saboda tsoron hanya.

A nan ne lissafin ya bambanta da na Turai. A can, ana amfani da awon gudun jini ne a sashen kula da masu tsananin jinya, wanda wasu ke kira ɗakin gobe da nisa, inda majinyaci ke kewaye da na'urori da ma'aikata. A yammacin Zamfara kuwa, shawarar da ke raba rai da mutuwa ana yanke ta ne tun kafin a kai ga irin wannan ɗaki.

Idan aka kawo mutum shida lokaci guda, motar ɗaukar marasa lafiya kuma ɗaya ce, dole wani ya zaɓi wanda zai fara tafiya. Bisa al'ada, wanda jini ya jiƙe wa riga ko wanda ya fi ihu shi ke jan hankali. Wanda ya yi shiru, da ƙaramin rami a gefen ciki, shi ake bari sai anjima. Na'urar hoton ciki a hannun wanda ya iya ta na iya gyara wannan jeri, ta kuma nuna wanda ba zai kai Gusau da rai ba sai an buɗe cikinsa a nan take.

Na'ura da mai riƙe ta

A farkon shekarar 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya na jihar, ya kuma bayyana cewa na'urar hoton ciki guda ɗaya tak ya tarar a asibitocin gwamnatin jihar lokacin da ya karɓi mulki a 2023. Bayan haka gwamnatinsa ta shiga aikin gyaran manyan asibitoci da zuba musu kayan aiki.

Wannan iƙirari na da nauyi na musamman a yankin da ake magana a kai, domin kuwa ƙananan hukumomin uku kowacce ta fitar da gwamna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Jimilla shekaru 20 ke nan.

Ta fuskar tsada dai abubuwa sun sauya. A da na'urar babba ce da ake turawa a kan taya. A shekarar 2017 hukumomin Amurka suka amince da wata samfurin Butterfly iQ da ake riƙewa a hannu a jona ta da wayar salula, wadda aka fara sayarwa a kan dala 2,000 ko kusa da haka. Wasu kamfanonin ma sun fito da nasu. Irin waɗannan na aiki da batir, abin da ya dace da wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas, ko da yake ba kowace ƙaramar na'ura ce ke iya auna gudun jini a cikin ƙoda ba.

Babban ƙalubalen shi ne ma'aikata. A shekarar 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 55,000 ne ke da lasisin aiki a faɗin Nijeriya, kuma kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabaci lokacin. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a manyan birane, yayin da fargabar satar mutane ke ƙara nesanta su da yankunan karkara.

Wasu na ganin mafita ita ce a horas da ma'aikatan jinya da ƙananan likitoci su ɗauki hoton, su aika wa ƙwararre a Gusau ko Sakkwato ta waya. An gwada irin wannan a wasu ƙasashe masu tasowa. Sai dai al'ummar Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya na tsawon makonni saboda dalilan tsaro. Duk tsarin da ya dogara kacokan ga waya yana iya tsayawa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Bayan an gani fa?

Hoto ba ya tsayar da jini. Idan na'ura ta nuna cewa ciki ya cika da jini, sai an samu ledar jini da aka tantance, da likitan tiyata, da mai sa barci, da iskar oksijin, da kuma wuta a ɗakin tiyata. Inda babu ma'ajiyar jini mai aiki, akan jira 'yan uwa su zo a gwada su a ɗebi nasu, abin da kan ci sa'o'i.

A shekarar 2015 wani kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutane biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci da sauƙin kuɗi a lokacin da suke buƙata. Kwamitin ya ba da shawarar cewa ya kamata mutum ya iya isa asibitin da ke iya buɗe ciki, da yi wa mace tiyatar haihuwa, da gyara karayar da ta fasa fata, cikin sa'o'i biyu.

Akwai kuma matakai masu arha da aka tabbatar da amfaninsu. Wani gagarumin bincike mai suna CRASH-2 da aka wallafa a 2010, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 20,000 a ƙasashe 40 ciki har da Nijeriya, ya nuna cewa allurar tranexamic acid na rage mutuwa a tsakanin masu zubar jini. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa sai an yi ta cikin sa'o'i uku da samun rauni take amfani. Ga wanda ya kwana a ƙauye yana jiran gari ya waye, waɗannan sa'o'i uku sun wuce tun kafin ya ga ƙofar asibiti, sai fa idan akwai allurar a ƙaramin asibitin da ke kusa da shi.

Doka da kuɗi

A kan takarda, Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, inda aka ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa domin jinyar gaggawa. A ƙarshen 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa.

A matakin duniya, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a watan Mayun 2023, yana kira ga ƙasashe su haɗa ayyukan gaggawa da tiyata da kula da masu tsananin jinya a tsari guda. Hukumar ta ce raunuka na kashe mutane kimanin miliyan 4.4 a kowace shekara.

Sai dai tun shekarar 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kuma gwamnatin tarayyar Nijeriya ba ta taɓa kai wa ga wannan adadi ba.

Idan aka dubi waɗannan duka, jerin buƙatun yammacin Zamfara a bayyane yake. Na farko, ƙaramar na'urar hoton ciki a ɗakin gaggawa na kowane babban asibiti a Talata Mafara da Bakura da Maradun, wadda ba a kulle ta a wani ofis idan an tashi aiki, tare da ma'aikatan da suka iya gwajin FAST a kowane zagayen aiki, dare da rana. Na biyu, jini da tiyata a wuri ɗaya aƙalla a cikin yankin. Na uku, awon gudun jini na ƙoda da ƙwaƙwalwa a Gusau da Sakkwato, inda ake kwantar da waɗanda suka tsallake ranar farko.

Hanyar auna ko an ci gaba ita ma ba ta da wuya: a riƙa rubuta sa'ar da mutum ya ji rauni, da sa'ar da ya isa asibiti, da sa'ar da aka shiga da shi tiyata, da kuma yadda ya ƙare. Irin wannan rijista ce za ta nuna ko na'urorin da ake saye suna rage mutuwa, ta kuma shigar da waɗanda suka jikkata cikin alƙaluman da ake bayarwa bayan kowane hari.